Tafiya Zuwa Goonhilly, Gidan Manyan Farantan Intelsat

Jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan zuwa Redruth, a yankin Cornwall, yana cin kusan awa biyar. Ni da kawuna muka hau shi. Tsohon injiniyan sadarwa ne da ya zo Ingila ganin likitan ido, kuma da na tambaye shi inda yake son gani kafin ya koma Kaduna, bai ce fadar sarki ba, bai ce filin ƙwallo ba. Ya ce Goonhilly, wato tashar sadarwa da taurarin ɗan'adam da ke Cornwall.

A Dawlish layin dogo ya bi gaɓar teku, har ruwa na fantsamo wa tagogi. Bayan Plymouth muka haye gadar da injiniya Brunel ya gina a 1859. Daga Redruth bas ce zuwa Helston, inda muka ci wani burodinsu mai cuku da albasa a ciki, sannan tasi ta kai mu.

Goonhilly fili ne fetal, babu bishiyar kirki, sai gajeren ciyayi da iskar da ke ratsa rigar sanyi. Can sai ga manyan farantan sadarwa, wato dish, farare sun miƙe. Ba a shiga harabar haka kawai, tunda an rufe sashen baƙi tun 2010, don haka muka bi hanyar ƙafa da ke gefen shinge, kusa da wani dogon dutse da mutanen da can suka kafa.

"Ka ga wancan? Shi ne Arthur," in ji Kawu.

Faɗin wannan farantin kusan mita 26, nauyinsa ya haura tan 1,000, shi ya sa aka nemi wuri mai ƙaƙƙarfan dutse a ƙasa. An gina shi a 1962 domin tauraron ɗan'adam mai suna Telstar. Matsalar Telstar ita ce ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana zagaya duniya cikin kamar awa biyu da rabi, kuma minti 20 ko makamancin haka kawai Amurka da Turai ke ganinsa tare. Dole wannan ƙaton ƙarfe ya riƙa juyawa yana binsa. Maganin kuwa tun 1945 marubuci Arthur C. Clarke ya rubuta shi: a kai tauraro nisan kilomita 35,786 saman layin ikwaita. A can saurin zagayensa yana daidai da juyawar duniya, sai mai kallo daga ƙasa ya gan shi a tsaye cak.

Daga nan zuriyar taurarin Intelsat, ƙungiyar sadarwa ta ƙasa da ƙasa, ta faro. Ƙasashe 11 suka kafa ƙungiyar a watan Agustan 1964, aka harba ɗan farinta, Early Bird, ranar 6 ga Afrilu, 1965 daga Florida. Kamfanin Hughes ne ya ƙera shi, bai wuce girman rabin duro ba, nauyinsa bai kai kilo 40 ba. Yana ɗaukar kiran waya 240 ko tashar talabijin guda, ba duka biyun a lokaci ɗaya ba. An yi shi don wata 18, ya yi aikin kusan shekara huɗu.

Kawu bai tsaya kan jerin taurari na biyu, Intelsat II, ba, ya ce na farkonsu ma bai isa mazauninsa ba. Jerin na uku ne ya fi burge shi, wanda kamfanin TRW ya ƙera, domin a 1969 da aka ajiye ɗaya a saman tekun Indiya aka kammala zagaye duniya. Ana dab da saukar Apollo 11 a duniyar wata sai na saman Atlantika ya samu matsala, aka koma aka tashi Early Bird daga ritaya ya taimaka.

Na ce, "Kawu, ku lokacin kuna ina?"

Ya yi dariya. "Makaranta, yaro. Mu namu ya zo a 1971."

Yana nufin tashar Lanlate da ke jihar Oyo ta yanzu, wadda ta haɗa Najeriya da Intelsat, daga baya kuma aka gina ta Kujama kusa da Kaduna. A nan ne na ga muryarsa ta canza. Kafin zuwan waɗannan tashoshi, in ji shi, mai kira daga Legas zuwa Kwatano, garin da mota ke zuwa cikin 'yan awoyi, sai kiransa ya bi ta Landan da Faris, saboda Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layukan ne zuwa gidajensu, ba tsakanin maƙwabta ba. A ganina wannan ya fi hotunan duniyar wata muhimmanci a wurinmu. A lokacin Intelsat ƙungiya ce ta gwamnatoci, kowace ƙasa na da hannun jari gwargwadon amfaninta, kuma kuɗin layi ɗaya ne ko a hanya mai cunkoso ko a wadda ba kowa ke bi ba. Ƙasa matalauciya ta fi kowa morar wannan tsari.

Ya nuna mini wani abu da da kaina ba zan lura ba. Farantan nan sun sunkuyar da kai wajen kudu, saboda Ingila ta yi nisa da ikwaita. Dish ɗin gidajenmu da ke kallon tauraron da ke saitin Afirka kuwa sama yake ɗaga fuska. Ya kuma tuna jinkirin nan na kusan kwatan daƙiƙa da saƙo ke yi kafin ya hau ya sauko, wanda ke sa mutum biyu su yi ta katse juna a waya, kowa na cewa "ina jin ka".

Sauran zuriyar girma suka yi ta yi. Intelsat IV ya zo a 1971, Intelsat V na kamfanin Ford Aerospace a 1980 da layi 12,000 da fukafukan sola, sai Intelsat VI a 1989, mai tsawon kusan mita 12. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 603, ya maƙale a ƙasa-ƙasa a Maris 1990 bayan ya kasa rabuwa da rokarsa yadda ya kamata. A Mayun 1992 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya bi shi. Sandar da aka tanada don kama shi ta ƙi aiki, sai 'yan sama jannati uku suka fito lokaci guda, suka cafke abu mai nauyin tan huɗu da hannuwansu, suka ɗaura masa sabon inji.

Abin da ya rage wa taurarin kasuwa a ƙarƙashin teku yake. Tun 1988 wayar gilashi ta TAT-8 ta ratsa Atlantika, kira ya koma can, ba jinkiri kuma da sauƙin kuɗi. A 2001 aka mayar da Intelsat kamfani mai zaman kansa, abin da har yau Kawu bai yafe ba, sannan a 2025 kamfanin SES na Luksambag ya saye shi. Ita ma Goonhilly, kamfanin sadarwa na Birtaniya, BT, ya janye aikin tauraro daga cikinta a 2008. Wani kamfani ya karɓe ta, yanzu farantin Merlin mai mita 32 yana magana ne da kumbunan da ke zuwa wata da ma gaba da shi.

Yayyafi ya sauko, muka fake a jikin wani kangon ginin rada na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu muka yi sallar Azahar da La'asar. Mai tasi ya dawo a kan lokaci. Kawu ya roƙe shi ya bi da mu ta Poldhu, 'yan kilomita kaɗan daga nan, inda aka aika wa Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro rediyo, saƙon rediyo ƙetaren Atlantika zuwa Newfoundland a Disamban 1901. Mutumin ya duba agogo ya ce in muka je, jirgin yamma zai bar mu. Kawu ya ce a je, ai akwai na dare.