Situdiyona da rigimar JACK da PulseAudio

Shekara 11 ke nan ina ɗaukar murya a ɗan situdiyona da ke Kano, kuma duk kwamfutocina Linux ne a kansu maimakon Windows. Abokan sana'a suna yi mini dariya, amma duk mawaƙin da ya sa hedifon ɗina bai taɓa cewa muryarsa na makara ba.

Aikin yana ga manhajar da ke raba sauti tsakanin katin sauti da sauran manhajoji. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da JACK ya fara ni, wadda Paul Davis ya rubuta, shi ne kuma mai Ardour da muke haɗa waƙa da ita. Ranar farko na bar ma'aunin yawan ɗigon sautin da JACK ke diba a lokaci guda a 1024, wata baiwar Allah tana rera baiti, muryarta na biyo ta a baya kamar daga cikin rijiya. Ya ture ni gefe, ya mayar da shi 128 a cikin ɗigo 48000 na kowace daƙiƙa, kowane diba bai kai kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Ya ce, "Yaro, in ka ji ƙas-ƙas ka ɗan ƙara, kar ka yi rowa."

PulseAudio kuwa, ita ma manhajar raba sauti ce, amma ta zaman ofis: kallo, kira, Bluetooth. Haɗa ta da JACK kamar haɗa kishiyoyi ne a ɗaki ɗaya. Da JACK ta kama katin, sai mai waƙa ya ce a kunna masa kiɗa daga YouTube, a ji shiru. Na sha kunya a kan haka.

Da Fedora 34, wani nau'in Linux, ta zo da sabuwar manhajar raba sauti PipeWire a 2021, aikin Wim Taymans, sai rigimar ta lafa, don tana jin yaren dukansu biyu. Ita ce a kwamfutar gaba yanzu. Amma ranar da masu kalangu suka zo, makirufo shida a buɗe, JACK zalla nake kunnawa. Hannuna ya saba da ita.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran da suka sayi katin jabu, suka karya farashi, wai su ma injiniyoyi. Mutum ya gama tayin wulaƙanci a nan ya tafi can, bayan kwana biyu ya dawo da filashi cike da ƙas-ƙas yana cewa, "Malam, a taimaka a goge." Ba ya goguwa. Sai dai ya koma gaban makirufo mu sake daga baitin farko, kuɗin ma yadda na faɗa tun farko.