Jirgin rimot ya faɗo: ta ina za a fara gyara?

Idan jirgin sama na rimot ya kifa ƙasa, abin da ido ke fara gani shi ne karyayyen fiffike da hancin da ya lotse. Waɗannan su ne masu sauƙin. Aikin yana wajen raba abu biyu: abin da ya kayar da jirgin, da abin da faɗuwar ta lalata. Duk wanda ya liƙe fiffike ya mayar da jirgi sama bai gano na farkon ba, zai sake tsintar ɓaraguzai nan kusa.

Bincike yana farawa tun a wurin da ya faɗi. Ka sauke sandar gudu ƙasa gaba ɗaya, kada ka kashe rimot sai ka cire batirin jirgin. Idan batirin bai huje ba, ba ya zafi ko hayaƙi, ka tsaya nesa da farfela ka motsa sandunan rimot ka ga cikin leɓuna, wato sassan fiffike da wutsiya masu motsi, wane ne ke amsawa, wane ne ya yi shiru. Ka dubi fitilar risiba, na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgin, don wasu risibobin suna ƙyaftawa idan wuta ta yanke musu a sama ta dawo. Wannan shaida ce da ke ɓacewa da zarar ka zare batir. Bayan haka ka tsince komai, har guntun soson jikin jirgin mai girman farce, domin zai zauna daidai a gurbinsa fiye da duk abin da za ka yanko.

Batirin LiPo, irin wanda jiragen nan ke amfani da shi, ba abin wasa ba ne, kuma a nan ba na yarda da ciniki. Idan ya kumbura, ya lanƙwashe, ledarsa ta tsage, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, aikinsa ya ƙare. Ka ajiye shi a waje a kan siminti ko cikin yashi, nesa da abin da zai kama wuta. Ko da ka ga lafiyarsa ƙalau, ka bar shi a fili kamar rabin awa kana lura, don lahanin ciki yakan jinkirta kafin ya bayyana. Sannan ka auna wutar kowane gida, wato kowane ɗaya daga cikin ƙananan batiran da aka haɗa a cikinsa. Cikakke yana nuna 4.2V, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0V ba. Idan gida ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa da fiye da 0.1V, ka sa masa ido. Idan kuwa duk gidajen sun yi ƙasa sosai, ka sami mai laifi: cajin ya ƙare, ESC, na'urar da ke sarrafa gudun inji, ya rage masa wuta, jirgin ya rasa ƙarfi.

A teburin gyara abu na farko shi ne cire farfela. Kullum. Farfelar da ta daki ƙasa kuma a jefar da ita ko ba a ga karaya ba, musamman idan akwai farin layi kusa da gindinta. Wannan layin alama ce cewa robar ta gaji, tana iya tsinkewa tana tsaka da juyi.

Yadda jirgin ya yi kafin ya faɗi yana ba da labari mai yawa. Idan yana tafiya a hankali, hanci a sama, ko yana cikin kwana mai tsauri, sai fiffike ɗaya ya faɗi ya shiga juyi, to iska ce ta daina ɗaukarsa, ba wata na'ura da ta lalace. Idan tun barin hannu ya mirgine, kana gyara shi yana ƙara mirginawa, leɓunan fiffike ne aka saita a juye. Idan yana ta ɗaga hanci yana saukewa, ba ya zama wuri ɗaya, ko ɗan taɓa sanda sai ya yi tsalle, nauyi ya koma baya, kuma sau da yawa batir ne ya zame daga mazauninsa. Idan kuwa komai ya daina amsawa lokaci guda, ko dai sigina ta yanke ko wuta.

Wannan na ƙarshen shi ya fi wahalar da mutane. A yawancin ƙananan jirage, risiba da sarbo, ƙaramin injin da ke motsa leɓe, suna shan wuta daga wani sashe na ESC da ake kira BEC, mai ba da kimanin 5V. Idan sarbo ɗaya ya maƙale yana jan wuta da yawa, ƙarfin zai faɗi, risiba ya mutu na ɗan lokaci ya farfaɗo, kuma daƙiƙa ɗaya ta isa jirgi ya iso ƙasa. Gwajin ba shi da wuya. Haɗa mitar awon wuta a kan risiba, ka riƙa kaɗa duk sandunan rimot tare da sauri, ka ɗan danne leɓuna da yatsa. Idan lambar tana gangarowa zuwa 4V ko ƙasa, ko fitilar risiba ta ɗauke, a sa BEC na daban mai ƙarfi, a kuma nemo sarbon da ke maƙalewa. Ka bi kowane mahaɗin waya kana jijjigawa yayin da wuta ke ciki. Liƙin dalma da bai kama da kyau ba yakan yi dushu-dushu maimakon sheƙi. Ka kuma duba eriyar risiba: a na'urorin 2.4GHz, bakin wayar da aka fere mai tsawon kusan milimita 31 shi ne ke aikin. Idan ya guntule, ko an kwantar da shi jikin batir ko sandar kabon, nisan sigina zai ragu ƙwarai.

Sarbo yakan ji jiki a faɗuwa. Ƙananan nan masu nauyin giram 9 galibi haƙoran giyarsu na roba ne. Motsa shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe kana riƙe da leɓen kaɗan. Ƙarar ƙaras-ƙaras ko tsallake a wani wuri na nufin haƙori ya karye, ko da sauran tafiyar na da santsi. A canza giyar ko sarbon gaba ɗaya. Sannan ka ja kowane leɓe da ɗan ƙarfi ka ga ko hinjinsa ya soma rabuwa, ka girgiza ƙahon da ke jikin leɓen, inda sandar turi daga sarbo ke shiga.

Inji kuma, juya shi da hannu. Ya kamata ka ji ɗan tsalle-tsallen maganaɗisu iri ɗaya a duk zagayen. Gurzawa ko ƙarar yashi na nufin ƙasa ta shiga, ko boris ya lalace, ko maganaɗisu ya saki. A buɗe a share da burushi da iska, a ɗebo ɓurɓushin ƙarfe da salatif. Don gane ko sandar injin ta lanƙwashe, zare ta ka mirgina a kan gilashi, ƙaramar lanƙwasa ma za ta nuna kanta. Kada ka ɓata lokaci wajen miƙe ta, a sa sabuwa. Idan inji yana kakkarwa ba ya juyi, ɗaya daga cikin wayoyi ukun ta tsinke ko ESC ya ƙone. Idan ka haɗa ya juya baibai, sauya kowace waya biyu cikin ukun.

Sai gyaran jiki. Ka fara sanin irin soson. EPO, wanda aka fi yin jiragen kanti da shi, yana karɓar sufa gulu, kuma inda ya lotse ana zuba masa ruwan zafi ya kumburo ya dawo kusa da siffarsa, sai dai ruwa mai tafasa sosai zai sa fatarsa ta yi gurje-gurje. EPS da Depron kuwa sufa gulu na yau da kullum narkar da su yake yi, dole a nemi wanda aka rubuta cewa ba ya cin soso. Idan kana shakka, ɗiga a kan wani guntu tukuna. Kafin gam, ka gwada haɗa gutsattsarin a bushe har su zauna ba gibi, ka goge wurin da sifirit. A karayar da ke ɗaukar nauyi, soka tsinken gora ko siririyar sandar kabon biyu zuwa uku su ratsa ɓangarorin biyu. Mazaunin inji da tsakiyar fiffike efoksi suke so, wato gam mai zuwa kashi biyu, a gauraya kashi biyun daidai wa daida. Mai kamawa a minti 30 ya fi mai kamawa a minti 5 shiga jiki da ƙarfi, yana kuma ba ka lokacin daidaitawa. Jirgin katakon balsa kuma, sai ka yanke ledar da ke rufe wurin ka ga cikin, domin haƙarƙarin fiffike kan tsage a ɓoye leda tana lafiya. Siririn sufa gulu yana tsotsewa cikin tsagar da kansa.

Kafin gam ya kama, ka tsaya ta bayan jirgin ka hango: wutsiya ta yi layi ɗaya da fiffike? Auna da zare daga kowane bakin fiffike zuwa ƙarshen wutsiya, dole tsawon biyun su zo ɗaya. Mazaunin inji a jirage da yawa an ɗan karkatar da shi ƙasa da dama, digiri biyu zuwa uku, da gangan aka yi, kada ka miƙe shi.

Gam yana da nauyi, kuma nan ne gyara mai kyau a ido ke kashe jirgi. Wutsiya ta fi hanci nisa daga cibiyar nauyi sau uku ko huɗu, saboda haka giram 5 na gam a baya yana iya buƙatar giram 15 zuwa 20 a gaba. Bayan kowane gyara, sa batir a mazauninsa, ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wurin da takardar jirgin ta nuna. A fiffike miƙaƙƙe, wurin yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗinsa daga gefen gaba. Hanci ya ɗan rinjaya kaɗan ya fi wutsiya ta rinjaya. A fara gyara da matsar da batir, a ɗaure shi sosai, kafin a yi tunanin ƙara nauyi da dalma.

Kafin tashi, tsaya a bayan jirgin ka tura sanda dama: leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ja sanda baya, leɓen wutsiya ya ɗaga. Sa rimot a yanayin gwajin nisa, ka ja baya kamar taku 30, wani yana juya jirgin ta kowace fuska kana motsa sanduna. Sannan, farfela a cire, kunna inji ka kashe rimot: injin ya tsaya nan take, in bai tsaya ba a sake saita risiba. Tashin farko a yi shi ranar da iska ta kwanta, a hau sama sosai kafin a taɓa saiti, a sauko bayan minti biyu ko uku a taɓa inji da ESC a ji zafinsu, a sake duba duk inda aka sa gam.