Makunnan nakiyar Jamus a Alamain

Asabar, Iskandariyya, bayan isha'i.

Yau ba aji, sai wani malaminmu na sashen injiniyan kanikanci ya kwashe mu, mu 'yan kaɗan, zuwa Alamain, inda sojojin Birtaniya da na Jamus suka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu. Tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce yamma da nan, teku a dama, rairayi a hagu, sai dogayen benayen sabon birnin da ake ginawa. Tun a mota Malam ya ce kada mu ɗauka yawon buɗe ido za mu, darasin sifirin da fil ne za mu yi a inda aka yi aiki da su.

Tankokin yaƙi da manyan bindigogin da ke harabar gidan tarihin soja ban daɗe a kansu ba. Wanda ya riƙe ni shi ne wani dattijo abokin Malam da muke kira Baba, tsohon sojan injiniya da ya yi shekaru yana tonon nakiya a wannan hamadar. Ya zo da wata tsohuwar jaka, a ciki akwai makunnan nakiyar Jamus da aka kwashe wa albarushi tuntuni, wasu an tsaga su biyu don koyarwa. Muka zauna a inuwa, ya shimfiɗa ƙyalle ya jera su.

Ya fara da na Tellermine 35, nakiyar tanka, mai faɗi kamar faifan rufe tukunya. Nauyinta wajen kilo 9 ne, fiye da rabinsa abin fashewa. Makunninta ya fi kama da aikin mai gyaran agogo. A samansa akwai ɗan maɓalli mai tsaga wanda soja ke murɗawa da kwabo, daga alamar "lafiya" zuwa alamar "a ɗane", sannan akwai sakata da ake zarewa da waya daga nesa. A ciki kuwa allura ce da sifirin ke matse da ita, ba abin da ke riƙe da ita sai wani ɗan siririn fil. Nauyi ya hau, fil ya katse, allura ta soki ƙwayar albarushi irin ta gindin harsashi. Dukan hikimar tana cikin kaurin fil ɗin nan. An auna shi yadda sai nauyin kilo 90 zuwa 180 ne zai katse shi, gwargwadon inda aka taka, domin mota ko tanka ake nema, ba mai tafiya a ƙasa ba.

Abin da ya sa ke nan, in ji Baba, a daren 23 ga Oktoba 1942 Montgomery, kwamandan Birtaniya, ya tura sojojin ƙasa gaba, injiniyoyi na biye suna share wa tankoki hanya. Rommel, kwamandan Jamus, ya binne nakiyoyi wajen rabin miliyan a wannan layin, mafi yawansu na tanka. Amma Jamusawa sun san za a yi wannan dabarar, sai suka cakuɗa su da S-mine, nakiyar da aka yi don masu tafiya a ƙasa.

Da ya miƙo mini makunnin S-mine sai da hannuna ya yi sanyi. Ɗan bututu ne da bai fi tsawon yatsa da yawa ba, da ƙahoni uku sirara a kai. Su kaɗai ke leƙowa daga ƙasa, cikin ciyawa ko tsakuwa ba mai ganinsu. A nan ba fil ake katsewa ba. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfe irin na boris ne ke tare allurar; idan ƙafa ta danna ƙahonin da nauyin wajen kilo 7, sai hannun ciki ya sauka har ƙwayoyin su sami rami su faɗa, allura ta kuɓuce. Bayan daƙiƙa huɗu ko kusa da haka nakiyar ta yi tsalle kimanin mita ɗaya sama, ta watsa ƙwayoyin ƙarfe wajen 350. Jinkirin nan da gangan ne, don wanda ya taka ya ɗaga ƙafa, nakiyar ta sami hanyar tashi ta sami duk waɗanda ke tare da shi. Sojojin Faransa ne suka fara ɗanɗana ta a yankin Saar cikin 1939, kuma kafin ƙarshen yaƙin Jamus ta ƙera kusan miliyan biyu.

Na danna ƙahonin da babban yatsa, na ji sifirin na turo ni. Kilo 7. Yaron goye da ya fara tafiya ya fi haka.

Na ce, "Baba, bayan shekara tamanin a ƙasa, sifirin ɗin nan zai yi aiki kuwa?"

Ya ce, "Yarona, wasu tsatsa ta cinye, wasu suna nan garau kamar jiya aka binne. Hamada ba ta da damshi. Kuma daga waje ba ka sanin wanne ne a gabanka. Ga iska da ambaliya suna kai su inda ba su a taswira."

Daga nan ya ɗauko wasu makunnan, na da da waɗanda aka ƙera daga baya, kuma a nan ne na fi ganin yadda tunanin maƙeran ya tafi. Makunnin ja na ZZ 35, wato wanda jan waya ke tayarwa, tagulla ce tsantsa, an sassaƙa ta da kyau, sassa da yawa. Na ZZ 42 kuwa bakalayit ne, wata roba mai tauri, ba komai ciki sai allura da sifirin da fil ɗaya da ake zarewa. Da farko mutum zai ce talaucin yaƙi ne, tagulla ta yi tsada, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wani dalilin. A 1941 wani hafsan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera na'urar gano ƙarfe da soja ɗaya zai iya ɗauka, aka kawo guda 500 Alamain. Amsar Jamusawa ita ce rage ƙarfe. Suka yi Schü-mine 42, ɗan akwatin katako mai giram 200 na abin fashewa, wanda murfinsa ke ture fil ɗin ZZ 42. Suka yi Glasmine 43 da gilashi. Baba ya ce har yau akwai wuraren da aka killace a dajin Eifel, can ƙasar Jamus, saboda waɗannan na gilashin.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne makunnin Tellermine na 1943. A ido kusan ɗaya yake da na 1942. Bambancin yana ciki: da zarar an ɗaura murfin nakiyar a kansa, ya ɗanu, wanda duk ya kwance murfin don ya kashe ta, shi zai tayar da ita. Tun kafin shi ma, Tellermine na da ramuka a gefe da ƙasa inda ake ɗaura makunnin ja don mai ɗagawa. Wato wani ya zauna a teburin zane, da fensir da ma'auni irin nawa, yana tunanin hannun mutum irin Baba. Aikin yana da tsabta, ba zan ɓoye ba, lissafin ya zauna daidai. Amma cikin duk makunnan da aka jera a ƙyallen nan ban ga ko ɗaya da aka yi wa dabarar mutuwa da kansa bayan wata shida ko shekara ba. Mutanen da suka iya auna fil har ya bambanta tanka da mutum ba su kasa wannan ba, ba a dai nema daga gare su ba ne.

Bayan azahar muka sha shayi a wata rumfa a bakin hanyar Marsa Matruh. Mai shayin Balaraben ƙauye ne, ƙafarsa ɗaya ta roba. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa: yana kiwon tumaki yana saurayi, an gama yaƙin tun ba a haife shi ba. Hukumomin Masar sun daɗe suna kiyasta cewa abin da yaƙin ya bari a hamadar yamma, nakiyoyi da harsasan da ba su tashi ba, ya kai miliyan 17. Sai manoman Borno da Yobe da Diffa suka faɗo mini, masu komawa gonakin da aka binne wa bama-baman haɗin gida. Can ma matsalar ɗaya ce, abin da ba shi da ƙarfe da yawa na'ura ba ta jin sa.

A hanyar dawowa Malam ya ba mu aikin gida, mu lissafa kaurin fil ɗin da zai katse a nauyi kaza. Zan yi. Na kuma ce masa, "Malam, ina so aikina na ƙarshen karatu ya kasance a kan na'urar gano nakiya mai ƙarancin ƙarfe." Ya ce fannin ya fi karkata ga 'yan sashen lantarki, sai an samo mini abokin aiki daga can, amma in same shi a ofis gobe Lahadi da ƙarfe goma, in zo da shafi ɗaya na abin da nake nufi. Baba ya yarda in riƙa kiransa idan ina da tambaya. Bari in fara rubuta shafin.