Daga Damagaram zuwa Yamai cikin hunturu: abin da ke juyawa a saman kanmu

Motar Yamai tana barin Damagaram tun kafin kiran assalatu, kuma a watan Janairu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kowa ya dunƙule cikin bargo. Ba mu kai Tasawa ba gardama ta kaure, wani Alhaji mai fataucin fata ya ce ina masu cewa duniya na ɗumama, su zo su ji. Ni kuwa duba yanayi ne aikina, kuma na fito ne don in ga yadda ake auna saman da wannan gardama ta dogara a kansa.

Hanyar ta kusa kilomita 900. A Galmi albasa ta yi arha har ka ji kunyar tayawa, nesa ba kusa ba da farashin Kasuwar Dole. A wani shinge kuma wani mai kaki ya tsayar da wata tsohuwa cikin iska don katinta ya koɗe, yana yi mata tsawa alhali ta haife shi. A gabanmu Damagarawa wannan rashin tarbiyya ne, ko da doka na bayansa.

Yamai akwai tsada, kuɗin tasi kaɗai ya ishe ka. Amma ruwa na zuwa a famfo, ga Kwara shimfiɗe ƙarƙashin Gadar Kennedy, abin da ɗan Damagaram ba zai gani ya yi shiru ba. Mai masaukina dattijo ne da ya tsufa cikin aikin awon yanayi. Ya hana ni zuwa otal, ya ce, “Ɗana, baƙon da ya zo neman sani ba ya biyan kuɗin ɗaki.” Shi ya kai ni inda ake sakin balan-balan na awon yanayi.

Nan ne abin kallo. Balan-balan ɗin na roba ne mai laushi, ana cika shi da iskar haidurojin har faɗinsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, a ɗaura masa ƴar na'ura da igiya mai tsawo. Tana aiko da zafi, da laima, da nauyin iska, motsinta kuma shi ke nuna inda iska ta nufa da ƙarfinta. Duniya duka lokaci ɗaya ake yi, 00 da 12 agogon GMT, wato ɗayan dare da ɗayan rana a Nijar. Yana hawa kusan mita 5 a daƙiƙa, yana kumbura saboda iska na raguwa, har ya fashe wajen kilomita 30. In an cika shi da yawa zai fashe da wuri, in an rage zai yi ta jan jiki. Ba a taɓa shi da hannu tsirara, maiƙon fata na raunana robar. A hunturu kuma ana ƙara kula, don busasshiyar iska na haifar da tartsatsi, haidurojin kuwa ba ta wasa da wuta.

A allon kwamfuta na ga zafi yana ta sauka har wajen kilomita 17, inda ya kusa digiri 80 ƙasa da sifili. Daga nan sai ya juya ya fara hawa. Na ce, “Baba, mun shiga ke nan?” Ya ce mun shiga. Hawa na biyu na sararin sama ke nan, sitiratosfiya, wanda ke kaiwa kilomita 50, inda iskar ozon ke shan hasken rana ta ɗumama wurin.

A wannan hawa, can saman ƙurewar arewacin duniya, rana ba ta fitowa tsawon watanni cikin hunturu. Iska ta yi sanyi ƙwarai, sai wata guguwa mai faɗi ta kewaye ta tana juyawa daga yamma zuwa gabas. Kamar katantanwar da yara ke murzawa take: muddin tana juyi da ƙarfi tana tsaye wuri guda, sanyi na tsare a arewa, in ta rage gudu sai ta fara layi. Abin da ke bugun ta manyan igiyoyin iska ne da tsaunuka da bambancin zafin teku da tudu ke tayarwa daga ƙasa. In bugun ya yi yawa, zafin wurin kan tashi da digiri kusan 50 cikin ƴan kwanaki, iskar ta juya ta koma busowa daga gabas. Wani masanin yanayi, Richard Scherhag, shi ya fara ganin haka a Balin ta Jamus a 1952, kuma da irin wannan balan-balan. Yana faruwa kamar sau 6 cikin shekara 10. Tasirin na saukowa a hankali, ya kai ƙasa bayan mako biyu ko fiye, ya kuma daɗe har wata biyu. Na Fabrairun 2018 ya jawo wa Ingila da Turai ƙanƙara mai tsanani, na Janairun 2021 kuma sanyin Texas ta Amurka ya biyo bayansa a Fabrairu.

Shi ya sa wani yanki kan yi shekaru yana ƙara sanyin hunturu alhali duniya na ɗumama. Haka aka gani a tsakiyar Siberiya daga wajen 1990 zuwa bayan 2010, lokacin da guguwar ta yawaita rauni. Masana sun rabu kan dalili: wasu na ɗora shi kan narkewar ƙanƙarar tekun Aktik na ƙurewar arewa, yankin da ke ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979, wasu na ganin sauyi ne na ɗabi'a. Abin da ba gardama a kai shi ne hayaƙin kabon na ɗumama ƙasa, yana kuma sanyaya hawa na biyun.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kwafo labarin Turai mu ɗora wa kanmu. Namu sau da yawa akasin nasu ne. In guguwar na da ƙarfi, arewacin Turai kan samu sauƙin sanyi, nauyin iska kuma ya ƙaru a saman Atalantika da arewacin Afirka, iskar arewa maso gabas ta ƙara ƙarfi. Ita ce ke ratsawa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashi ƙurar kwarin Bodele na Cadi ta juye mana. Sanyin da Alhaji ya ji na gaskiya ne, amma sanyin mako guda ba shi ke auna shekara 30 ba. Masu lambun Miriya da masu tari da asma sun cancanci a riƙa gaya musu zuwan irin wannan iska tun da wuri, da Hausa, a rediyo.

Na leƙa AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma da ruwa ta ƙasashen Sahel da aka kafa a 1974, a ƙetaren kogi. Na sayi kilishi a hanyar dawowa. Daga Maradi hazo ya rufe hanya, direba ya kunna fitila da rana tsaka har Damagaram.