Zaɓen Koto da Ɗaurin Fatsa don Kamun Kifin Bass Daga Gaɓa

Abin da ya sauya mini yadda nake zaɓen koto shi ne lura da hanyar da yake bi idan ina jawo shi. Mai kwalekwale yana kan zurfi, yana jefawa wajen gaɓa, kotonsa yana gangarowa. Ni da nake tsaye a gaɓa kuwa, cikin zurfi nake jefawa, koto yana hawa tudu zuwa gare ni, kuma duk matsowar da ya yi ƙasan ruwa tana ƙara tasowa ta tare shi. Ciyawa, saiwa, kututture da duwatsu duk suna kan hanyarsa. In ya maƙale, ba ni da halin zagayawa ta baya in ɓalle shi. Shi ya sa koton da aka rataya wa ƙugiyoyi masu baki uku-uku ba ya daɗewa a jakar mai kamun gaɓa, komai kyansa. Kifin bass kuma, wani kifin tafki da kogi mai farautar ƙananan kifaye, kwanton ɓauna yake yi a jikin waɗannan abubuwan da ke cinye koto. Wanda yake tsoron jefawa can, ruwa kawai zai yi ta wanke wa kotonsa.

Don haka ɗaurin Teksas, wanda tsinin ƙugiyarsa ke ɓoye a jikin koto, nake fara ɗaurawa, kuma shi ne ke kan sandata mafi yawan yini. Ana zura dalma mai siffar harsashi a zare, tsininta yana kallon sanda, sannan a ɗaura ƙugiya mai gwiwa a wuya, lamba 3/0 ga tanar roba mai inci 5 zuwa 6, ko 4/0 in tanar mai kauri ce. Ka soka bakin ƙugiya a tsakiyar kan tanar kamar milimita 6, ka fito da shi ta gefe, ka tura tanar sama har ta hau gwiwar ta rufe idon ƙugiya. Sai ka juya ƙugiyar ta fuskanci jikin tanar, ka gwada inda za ta shiga, ka huda ta fita ta ɗaya gefen, ka ɗan ɓoye tsinin a ƙarƙashin fatar robar. Ɗaga ta ka duba: tanar ta rataya a miƙe sak. In ta ɗan lanƙwashe, za ta riƙa juyi cikin ruwa, zarenka ya murɗe, kifi kuma ya ƙi ta. Gara ka zare ka sake sokawa.

Wajen dalma na daɗe ina kuskure, ina sa mai nauyi don in yi nisa. Mai nauyi tana nutsewa cikin laka, tana cusa kai tsakanin duwatsu, kuma tana faɗuwa da sauri alhali yawancin cizo a lokacin faɗuwar ake samu. Giram 3.5 zuwa 5 ya isa a ruwan da bai wuce mita biyu ba. In iska ta taso ko zurfi ya ƙaru, giram 7. Giram 10 sai ciyawa ta yi kauri, kuma a nan ina tokare dalmar da ɗan roba a kan zare, domin in ba haka ba dalma za ta faɗa ta wannan gefen reshe, tana ta rataye ta wancan.

Bayan jifa, bar shi ya kai ƙasa, idonka a kan zare. Ɗaga sanda a hankali kamar kamu biyu, ka sauke, ka naɗe sakin da ya rage, ka dakata daƙiƙa uku ko biyar. Cizo wani lokaci ɗan ƙwanƙwasa ne guda ɗaya, wani lokaci ka ga zare yana tafiya gefe shi kaɗai, wani lokaci kuma nauyi kawai za ka ji kamar ka kamo tsumma. Sauke bakin sanda, naɗe har zare ya miƙe, sannan ka fizga da ƙarfi, don sai ƙugiya ta fasa robar kafin ta kai ga bakin kifi. Fizga da sakakken zare shi ne ya fi ɓarar da kifi.

Idan ruwa ya yi garau, kifi ya yi tsoro, sai in cire dalma gaba ɗaya. Tanar roba mai gishiri a ciki, inci 5, tana nutsewa da kanta. A soke ta daidai tsakiya da ƙaramar ƙugiya lamba 1 ko 1/0, ɓangarorinta biyu suna kaɗawa yayin da take sauka. Robar tana da taushi, kifi ɗaya ko biyu ke yaga ta, amma in ka sa mata ɗan zoben roba a tsakiya ka zura ƙugiya ta ƙarƙashinsa, za ta fi jimawa. Bakin ƙugiyar a buɗe yake, saboda haka gefen ciyawa ake jefa ta, ba cikinta ba.

Ranar iska ko ruwa ya gurɓace, koto mai ganyayen ƙarfe masu juyawa, giram 10, shi ke nemo mini inda kifi yake da sauri. Wayarsa tana kare ƙugiyar, yana bugun reshe ya wuce. Ganye mai faɗi kamar cokali ya fi girgiza ruwa, ya dace da ruwa mai duhu, domin bass yana jin motsi ta layin da ke gefen jikinsa. Siriri mai tsawo kuwa walƙiya ya fi yi, sai ruwa mai haske.

Inda bado ko gansakuka suka rufe saman ruwa, kwaɗon roba ne ke ratsawa, kuma yana son kitsattsen zare mai ƙarfin fam 50, wato mai ɗaukar nauyin fam 50 kafin ya tsinke. Wahalarsa haƙuri ce. Ruwa zai fashe, hannunka zai so fizga nan take, sai ka fizge kwaɗon daga bakin kifi. Ƙirga ɗaya, biyu, ka ji nauyi, sannan ka fizga.

Ɗaurin Karolina na jifan nesa ne: dalma giram 14 zuwa 21, ɗan ƙwallon gilashi mai kare ƙulli, ƙarfen juyi mai hana zare murɗewa, sai guntun zare santimita 45 zuwa 90 kafin ƙugiya. A kan yashi da tsakuwa yana aiki, cikin manyan duwatsu asara ce. Akwai kuma ɗaurin da dalma ke can ƙarshen zare, ƙugiya na sama da ita. Daga gaɓa zare kwanciya yake yi a karkace, tazarar santimita 30 ba ta ɗaga koto daga ƙasa sosai, sai ka bar 45 zuwa 60.

Sanda ɗaya mai tsawon ƙafa 7, wadda ƙarfinta ya ɗan wuce matsakaici, tana ɗaukar kusan duk waɗannan. Ina naɗa kitsattsen zare fam 30, in haɗa masa mita ɗaya na zaren fulorokabon fam 12, wanda ba ya fitowa fili cikin ruwa kuma yana jure gogar dutse. Bayan kowane kifi ko maƙalewa, ka shafa kamu biyun ƙarshe da yatsu. In ka ji kaushi, yanke ka sake ƙulli. Launi kuwa biyu sun ishe ni: kore mai duhu ga ruwa mai haske, baƙi da shuɗi ga gurɓatacce.

Jifan farko ina yin sa ne taku huɗu ko biyar kafin in isa bakin ruwa, domin sau da yawa kifin yana nan dab da gaɓa, takun ƙafa ko inuwar mutum ke korar shi. Daga nan sai in jefa a tsawon gaɓar, dama da hagu, yadda koto zai zauna a zurfi ɗaya duk tafiyarsa, kafin in juya zuwa tsakiya. In na yi minti goma sha biyar babu ko taɓi, wuri nake sauyawa kafin in sauya koto.