Ranar da mowa ta kare kanta a ajinmu

Shekara uku ke nan ina koyar da ajin manya a unguwarmu a Kano. Bayan la'asar muke haɗuwa, Litinin zuwa Laraba, a wata firamare idan yara sun tashi. Mata 22 ne a rajista, amma ranar da 15 suka zo sai hamdala: wannan tana gidan biki, waccan awararta ba ta ƙare ba. Bencin na yara ne, don haka dattijan ciki sun gwammace tabarma.

Har gobe "yaƙi da jahilci" mutane ke ce wa ajin, sunan da ya bi mu tun gangamin shekarun 1950, duk da Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Ni dai sunan ba ya mini daɗi. Kusan rabin ɗalibaina sun yi sauka, wasu na rubuta ajami tsaf. Boko ne kawai ya wuce su. Shi ya sa a makon farko za ka ga mace ta buɗe littafi ta baya, ta soma rubutu daga dama.

Karatu bai ba mu wahala ba. Rubutu ne ya cije. In kwafa ce daga allo, ba a magana. Amma na karanta musu labari na ce kowa ta rubuta abin da ta fahimta, sai a yi ta cizon biro, a ƙarshe a dawo mini da jimlolin labarin yadda suke. Ni kuma in bi da jan biro: nan ba ƙugiya a ƙ, can an haɗe kalma uku wuri guda. Wata ta karɓi littafinta ta duba ta ce, "Malama, kamar an yanka kaza a kai." Aka yi dariya. Ba ta sake zuwa ba sai bayan wata guda.

Wata Talata na buga musu tatsuniyar Ruwan Bagaja a takarda, yadda kakata ke ba mu ita. (Tatsuniyar nake nufi, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934.) 'Yar mowa ta yi fitsari a kirgi, aka ɗora wa 'yar bora, aka tura ta wankowa a ruwan Bagaja. Ta yi ladabi ga duk wanda ta gamu da shi, har cinya da kare, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta je da rashin kunya, ta dawo a wulaƙance. Muka karanta layi-layi, kowa da nata.

Muna rufewa sai wata mai sayar da itace, sa'ar mahaifiyata, wadda nake ce wa Inna, ta ja tsaki.

"Malama, wannan tatsuniyar bora ce ta ƙirƙire ta. Don miji yana sonki shi ke nan 'yarki ba ta da tarbiyya?"

Ashe ita ce mowar gidansu, shekara talatin. Aji ya kaure. Matan nan fa kullum suna sauraron littattafan soyayya da ake karantawa a rediyo, sun saba yanke wa mutanen labari hukunci. Ni ce ban taɓa tambayarsu ba. Na ce, "Inna, kar ki gaya mini. Ki rubuta wa 'yar mowar wasiƙa. Kowa ma ta zaɓi wanda take da magana da shi a labarin."

Minti arba'in ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Inna ta yi layi biyar, ba aya ko ɗaya. Ta gaya wa yarinyar cewa da ta gaishe da cinyar nan, ba ta rage ta da komai, amma wanda ya bar yaro ya taso ba kwaɓa shi ne da laifi. Wata matashiya, bazawara, mai gidan ta rubuta wa: "Kana ina aka tura yarinya daji ita kaɗai?" Na daɗe ina kallon wannan layi. Tun ina 'yar shekara shida nake jin tatsuniyar nan, na yi karatun Hausa har kwaleji, ban taɓa lura uban bai ce uffan ba.

Daga ranar na daina cewa a taƙaita. Tambayata yanzu: wa ya ba ki haushi, wa aka zalunta, da ke ce me za ki yi? Wadda hannunta ke da nauyi ta fara faɗa da baki, in maimaita mata jimlarta ta farko, ta rubuta. Jan biro na bar shi a gida. Da fensir nake amsa abin da mace ta ce tukuna, sannan in zaɓi kuskure ɗaya tak mu gyara a makon. Gaskiya ƙa'idojin rubutu suna tafiyar hawainiya a haka, kuma mai duba ajujuwa ya yi mini ƙorafi a kai. Na ji, ban sauya ba.

Mako mai zuwa Gizo suka ce in kawo. Inna ta riga ta sayi sabon littafin rubutu, wai Ƙoƙi ce za ta sha magana, don haƙurinta ya yi yawa.