Sandar da na jefa wa Duna

Duna baƙin kare ne da muka ajiye don gadi a gidanmu na Dadin Kowa, nan Jos. Tun yana kwikwiyo ni ke kula da shi, kuma ni na koya masa wasan da ya kusa kai shi lahira: in jefa sanda, ya ruga ya ɗauko. Ƙannena masu kiwon kare, ga yadda abin ya faru.

Jinin farko da na gani a bakinsa yana ɗan wata huɗu ne, ɗigo-ɗigo a jikin igiyar da muke ja da shi. Famfara yake yi. Kwikwiyo na da haƙora 28, daga wajen wata uku zuwa bakwai suke zubewa, 42 su maye gurbinsu. Na biyu kuwa harshensa ya datse suna kokawa da karen maƙwabta. Jini ya ɓata masa ƙirji da ƙafafu, hankalina ya tashi matuƙa. Ashe harshe cike yake da jijiyoyin jini, kuma in jinin ya gauraya da miyau, kaɗan sai ya zama kamar an yi yanka. Kafin kwana uku ya koma cin tuwonsa.

Waɗannan biyun su suka rufe mini ido. Na ɗauka duk jinin baki haka yake.

Wata safiya cikin hunturu na jefa masa busasshen reshen mangwaro. Reshen ya kafe a ƙasa, tsininsa na kallon sama, Duna kuma ya auka masa baki buɗe da gudunsa. Ya yi ƙara sau ɗaya, ya dawo yana girgiza kai yana sosa baki da ƙafa. Jinin bai cika cokali ba. Na ce ai wannan bai kai na harshe ba. Na cusa hannu don in duba, ya kafta mini cizo a babban yatsa, karen da bai taɓa yi mini ko gurnani ba. Kare in yana jin zafi ba ya sanin uban gidansa. Na wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, na tafi asibiti da katin rigakafinsa. Allah ya taimake ni ba a daɗe da yi masa allurar haukan kare ba, irin wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke haɗawa.

Da na dawo sai na ƙara wani kuskuren, na daka masa farasitamol a madara. Har yau abin na damuna. Maganin mutum ba na kare ba ne: farasitamol na iya lalata masa hanta, ibuprofen na cin ciki da ƙoda, asfirin kuwa hana jini daskarewa yake yi, ga dabbar da ke zubar da jini.

A kwana na uku ƙasan haɓarsa ya kumbura. Dalala na zuba, baki na wari, ya tsaya kan kwanon ruwa yana kallo ya kasa haɗiya. Sai a lokacin na kai shi wajen likitan dabbobi. Ya yi masa allurar barci, ya haska maƙogwaronsa, ya zaro sartse mai tsawon ɗan yatsa daga ƙarƙashin harshe, mugunya ta biyo baya.

Ya ce, "Malam, da ka kawo shi ranar, da aikin bai kai haka ba."

Na ce, "Likita, jinin ne na ga kaɗan."

Ya ce raunin sanda ciki yake shiga, bakinsa ƙarami ne. Ya ɗaga leɓen Duna ya nuna mini dasashi: in ja-ja ne mai haske, da sauƙi, in ya yi fari fat, jini ya zuba da yawa, a garzayo. Ya ce in yankan a leɓe ne ko inda hannu ke kaiwa, kuma karen ya yarda, a danna tsumma mai tsabta minti goma ba a ɗagawa, a ba shi ruwan sanyi ya lasa. In bai tsaya ba, kada a kwana. Haƙorin da ya karye har ana ganin ɗigon ja a tsakiyarsa ma na likita ne, kuma ƙashin da muke jefa musu shi ya fi fasa turame.

Akwai abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai da ya faɗa. Jinin da ke tsattsafowa daga dasashi ba tare da wani rauni ba, sau da yawa ba na wasa ba ne. Maganin ɓera mai tsinka jini sai bayan kwana uku zuwa biyar yake nunawa, cutar da kaska ke sa wa kare ma takan jawo hakan.

Duna ya yi mako biyu yana shan kunu da romo kafin ya iya tauna. Yanzu ƙwallon roba nake jefa masa, babba wadda ba za ta wuce maƙogwaro ba, kuma kafin mu fara sai na zagaya tsakar gida na tsince rassan da iska ta kakkaryo.